Bugun zuciya ga wanda jijiyoyinsa da dama suka toshe: tambayoyi da amsoshi

An rubuta wannan shafi ne saboda iyalan da likita ya ja gefe ya ce musu: "Mun buɗe jijiyar da ta jawo bugun, amma hoto ya nuna akwai wasu da suka tsuke." Daga nan ne ruɗani ke farawa, wani ɗan'uwa ya ce a yi duka a huta, wani ya ce kada a sake taɓa shi tunda ya samu sauƙi. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a irin wannan hali. Hukuncin ƙarshe na likitan da ya ga hoton jijiyoyin marar lafiyarku ne.

Me ake nufi da cewa jijiyoyi da dama sun toshe?

Zuciya tsoka ce, kuma ita ma tana buƙatar jininta na kanta. Manyan jijiyoyi uku ne ke shayar da ita. Biyu suna fitowa daga wani ɗan gajeren tushe a hagu, ɗaya ta gangara ta gaban zuciya, ɗaya ta kewaya baya. Ta ukun tana dama. Cikin shekaru, kitse da kwalastarol suna taruwa a cikin bangon waɗannan jijiyoyi, hanya ta riƙa tsukewa a hankali, sau da yawa mutum bai ji komai ba. Hawan jini, ciwon suga, taba da gado su ke ƙara wa abin sauri.

Ranar da ɗaya daga cikin waɗannan tarin kitsen ya tsage, jini ya daskare a kansa ya rufe hanya, shi ne bugun zuciya. Idan rufewar ta zama gaba ɗaya, gwajin ECG, wanda ke zana yadda zuciya ke bugawa, yakan nuna wata alama ta musamman, likitoci su ce STEMI. To idan aka ɗauki hoton jijiyoyin masu irin wannan bugun, kusan rabinsu ana samun wata jijiya ɗaya ko biyu da suka tsuke sosai ban da wadda ta rufe. Ku ɗauke shi kamar gonar rani mai magudanan ruwa uku: ɗaya ta toshe ƙurmus yau, shukar wajen ta fara ƙonewa, sauran biyun kuma yashi ya cika su, ruwa yana wucewa da ƙyar.

Me ya sa a daren da muka kawo Baba jijiya ɗaya kawai aka buɗe?

Saboda ita ce ke kashe tsokar zuciya a wannan lokacin. Naman zuciyar da jini ya yanke masa yana fara mutuwa cikin mintuna, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa, tabo yake zama. Shi ya sa asibitocin da ke da kayan aiki suke ƙoƙarin buɗe jijiyar cikin minti 90 da isowar marar lafiya. Sauran jijiyoyin sun tsuke, amma jini yana bi ta cikinsu, ba su ne gaggawar daren ba.

Yaya ake buɗewar? Tiyata ce?

Ba a tsaga ƙirji. Yawanci marar lafiya idonsa biyu, yana ji yana amsawa. A kashe masa fatar wuyan hannu da allura, a zura siririn bututu ta jijiyar da ake jin bugun jini a cikinta, a bi da shi har bakin zuciya. Wani lokaci ta matsematsi ake shiga. Sai a tura wani ruwa mai bayyana a hoto, wasu su ji ɗumi ya ratsa su na ɗan lokaci. A allon da ke gefen gado za a ga jijiyoyin sun fito baƙi-baƙi kamar rassa, sai ɗaya ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Nan ne matsalar. Likita ya ratsa wurin da wata waya mai sirantakar gashi, ya hura 'yar balam-balam, sannan ya bar wata 'yar ragar ƙarfe da ake kira sitent ta tokare bangon jijiyar. Idan ya sake tura ruwan, sai a ga ya wuce har ƙarshe. Da yawa a nan take nauyin ƙirjin yake sauka. Bayan an gama, a ɗaure wuyan hannun da wata matsattsiyar roba na 'yan sa'o'i.

Aikin ba sabo ba ne. Andreas Gruentzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciyar ɗan Adam da balam-balam a birnin Zurich a 1977, sitent kuma ya shigo a 1986.

To sauran fa? A bar su, ko a koma a buɗe?

Wannan ce tambayar da likitocin zuciya suka yi shekaru suna jayayya a kai, kuma amsarta ta canja.

A da, koyarwar ita ce a gyara wadda ta rufe, a ƙyale sauran sai sun kawo ciwo. Ƙa'idojin Amurka har sun sa taɓa sauran a lokacin aikin farko cikin abubuwan da ke iya cutarwa. Dalilinsu ba na wasa ba ne: jinin wanda ya yi bugun zuciya yana saurin daskarewa, jijiyoyinsa a matse suke ta yadda tsukewa za ta iya fitowa a hoto fiye da yadda take, kuma idan aka samu matsala a jijiya ta biyu alhali ta farko ba ta farfaɗo ba, an haɗa masifa biyu.

Sai bincike ya fara nuna akasin haka. Wanda aka yi a Birtaniya mai suna PRAMI, a kan mutum 465, ya fito a 2013 ya nuna waɗanda aka buɗe wa sauran jijiyoyin sun fi samun lafiya. Wasu suka biyo baya daga Birtaniya da Denmak a 2015, amma dukansu ƙanana ne, masu shakka ba su gamsu ba. Wanda ya raba gardama shi ne COMPLETE, da Shamir Mehta na Jami'ar McMaster a Kanada ya jagoranta, aka wallafa a 2019. Mutum 4,041 aka raba gida biyu bayan an buɗe musu jijiyar da ta jawo bugun. Rukuni ɗaya aka koma aka gyara musu sauran, ɗayan aka bar su a kan magani kawai. Bayan kimanin shekara 3, waɗanda suka rasu da ciwon zuciya ko suka sake yin bugu sun kai kashi 7.8 cikin 100 a rukunin farko, kashi 10.5 a na biyu.

Ya kamata a karanta waɗannan alƙaluman da natsuwa. Ma'anarsu ita ce sai an yi wa mutum kusan 37 wannan ƙarin aikin kafin a hana mutum ɗaya mutuwa ko sabon bugu cikin shekara uku. Kuma mafi yawan ribar daga raguwar sabon bugu ta fito, yawan mace-mace bai bambanta sosai ba. Ƙari a kan haka, wani bincike da aka jagoranta daga Suwidin mai suna FULL REVASC, wanda ya fito a 2024 a kan mutum sama da 1,500, bai ga bambanci ba a mutuwa, sabon bugu da aikin gaggawa idan an haɗa su wuri ɗaya. A ganina, idan aka ɗora shaidun duka a sikeli, gyara sauran ya fi nauyi, kuma haka ƙa'idojin Turai na 2023 suka ce. Amma wanda ya gaya muku cewa marar lafiyarku ba zai kai shekara ba idan ba a yi ba, ya faɗi abin da binciken bai faɗa ba.

Idan za a yi, yaushe ya dace?

Hanya uku ce: a zama ɗaya da na farko, ko bayan kwana kaɗan kafin sallama, ko a sallame shi ya dawo. Ƙa'idojin Turai sun ce a gama cikin kwana 45. A binciken COMPLETE, ribar ba ta bambanta ba tsakanin waɗanda aka yi wa kafin sallama da waɗanda suka dawo. A 2023 bincike biyu, BIOVASC da MULTISTARS AMI, suka nuna cewa yin komai a zama ɗaya bai fi rarrabawa haɗari ba ga wanda jikinsa ya daidaita.

Don haka zaɓin ya koma ga yanayi. Idan ƙodar mutum ba ta da ƙarfi, ko an riga an tura masa ruwan hoto da yawa a aikin farko (ruwan yana iya raunana ƙoda), ko jijiya ta biyun mai wuyar sha'ani ce, ko kuma ƙarfe uku na dare ne kowa ya gaji, a jinkirta ya fi. Idan tsukewar mai sauƙin gyara ce kuma mutumin daga nesa ya zo, yin duka lokaci ɗaya yana da ma'ana. Abin da na fi tsoro a wajenmu shi ne a ce "ku dawo bayan wata ɗaya", mutum ya koma gida ya ji garau, kuɗi su tafi wata hidima, shi ke nan ba a sake ganinsa ba. Idan kun san haka za ta iya faruwa, ku gaya wa likita tun kafin sallama.

Maigidana yana ɗakin masu tsananin jinya, jininsa ya faɗi ƙasa, hannunsa sanyi ƙalau. Ba gara a buɗe duka zuciyar ta samu ƙarfi ba?

Hankali zai ce haka, likitoci ma haka suka ɗauka shekara da shekaru. Amma a nan ne ƙa'idar ta juye. Idan bugun ya yi tsananin da zuciya ta kasa tura jini ga jiki, hawan jini ya faɗi, fitsari ya ɗauke, hankali ya fara gushewa, to jijiyar da ta rufe kaɗai ake buɗewa. Binciken CULPRIT-SHOCK, wanda Holger Thiele na Laifzig a Jamus ya jagoranta, ya fito a 2017 a kan mutum kusan 700 masu wannan hali. Cikin kwana 30, waɗanda suka rasu ko suka buƙaci wankin ƙoda sun kai kashi 45.9 cikin 100 a waɗanda aka buɗe wa guda ɗaya, amma kashi 55.4 a waɗanda aka buɗe wa duka nan take. Jikin da ke wannan hali ba ya jure dogon aiki da yawan ruwan hoto. Idan Allah ya tashi kafaɗunsa, sai a duba sauran daga baya. Saboda haka, Hajiya, likitan da ya tsaya a guda ɗaya ba kasala ya yi ba.

Duk tsukewar da aka gani a hoto sai an sa mata sitent?

A'a. Abin da aka saba shi ne idan hanya ta ragu da kashi 70 cikin 100 ko fiye, a jijiya mai girman da ya isa. Idan tsakanin 50 da 69 ne, ido kaɗai ba ya isa, ana iya zura wata waya mai auna ƙarfin jini gaba da bayan tsukewar. Gwajin sunansa FFR, idan ya nuna 0.80 ko ƙasa, tsukewar tana hana jini da gaske. Ƙananan rassa da tsukewa mai sauƙi magani ake bar wa. Jijiyar da ta daɗe a rufe watanni, har jiki ya yi mata 'yan ƙananan hanyoyin kewaye, ita ma ba a gaggawa a kanta.

Mahaifiyarmu ta haura 75. Ba ta tsufa da wannan ba?

Shekaru kaɗai ba su hana. Binciken FIRE, da aka yi a Italiya, Sifen da Polan aka fitar a 2023, ya ɗauki mutum 1,445 masu shekara 75 zuwa sama. A shekara ɗaya, manyan matsaloli sun sami kashi 15.7 cikin 100 na waɗanda aka auna sauran jijiyoyinsu aka gyara masu buƙata, da kashi 21 na waɗanda aka tsaya a guda ɗaya. Abin dubawa shi ne ƙarfin jikinta, ƙodarta, ko tana da saurin zubar jini, da kuma abin da ita kanta take so. A tambaye ta, kada 'ya'ya su yanke a bayan idonta.

Yaushe tiyatar buɗe ƙirji ta fi sitent?

A wannan tiyata, wadda ake kira baifas, ba a gyara wurin da ya toshe. Ana ɗauko jijiya daga cikin ƙirji, ko hannu, ko ƙafa, a ɗinka ta ta tsallake toshewar. René Favaloro, likita ɗan Ajantina, shi ya kafa ta a Kilibland ta Amurka a 1967. A tsakiyar bugu ba kasafai ake yin ta ba, don shirya ta yana cin lokaci. Amma bayan an ceto jijiyar farko, tana iya zama mafi dacewa idan jijiyoyi ukun duka sun lalace a wurare da yawa, ko tushen hagu ya kamu, ko zuciya ta yi rauni, musamman ga mai ciwon suga. Binciken FREEDOM na 2012 a kan masu suga 1,900 ya nuna a shekara 5 mutuwa, bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki sun sami kashi 18.7 cikin 100 na waɗanda aka yi wa baifas, da kashi 26.6 na masu sitent, ko da yake shanyewar ɓarin jiki ita kaɗai ta ɗan fi yawa a masu baifas. Yawancin mutanen wannan binciken ba a tsakiyar bugu suke ba, amma likitoci suna la'akari da shi. Kuna da haƙƙin ku ce likitan tiyata ma ya ga hoton kafin a yanke shawara.

A garinmu babu inda ake sa sitent. Mu yaya za mu yi?

Ga mafi yawan masu karanta wannan shafi, wannan ta fi duk tambayoyin baya muhimmanci. Cibiyoyin da ke wannan aiki kaɗan ne a Najeriya da Nijar, kuma a manyan birane suke. Ƙa'idar ita ce: idan ba za a iya buɗe jijiyar da waya ba cikin minti 120 da gano bugun, a ba da allurar narkar da gudan jini, irin su sitireptokinas ko tenektefilas, matuƙar ba a wuce awa 12 da fara ciwon ba. Amfaninta ya fi yawa a awa biyu zuwa uku na farko. Ba a ba wanda ya taɓa zubar jini a ƙwaƙwalwa, ko wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki ko babbar tiyata kwanan nan, ko mai zubar jini a ciki. Wanda aka taɓa yi wa sitireptokinas ya faɗa, don ba a so a maimaita ta. Bayan allurar, a tura shi inda za a ɗauki hoton jijiyoyi cikin awa 24. A can ne za a san ko akwai sauran jijiyoyi masu matsala.

Babbar asararmu a jinkiri take. Rajistar RACE-Nigeria, wadda Farfesa Simeon Isezuo na asibitin koyarwa na Sakkwato ya jagoranta a kan mutum 1,072, ta nuna da yawa a makare suke zuwa, kuma kaɗan ne motar asibiti ta kawo. Kowa ya san yadda ake yi: mutum ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi, zufa tana keto masa, ya ce olsa ce ta tashi, a aika kemis a sayo ruwan maganin olsa, a jiƙa kanwa, a jira gari ya waye. Nauyin ƙirjin da ya wuce minti 15 zuwa 20, musamman mai tafiya hannu, wuya ko muƙamuƙi, tare da zufa, amai ko sarƙewar numfashi, asibiti mai ECG ake nufa kai tsaye. Mata, tsofaffi da masu suga wani lokaci kasala da haki kawai suke ji. Idan asfirin ba ya yi wa mutum illa kuma ba ya zubar jini, ya tauna miligiram 300 a hanya. Kada ya tuƙa kansa.

Menene haɗarin komawa a buɗe sauran jijiyoyin?

Zubar jini a inda aka shiga, raunin ƙoda daga ruwan hoto, tsagewar jijiya, kuma a wasu ƙalilan shanyewar ɓarin jiki. A binciken COMPLETE waɗannan ba su ƙaru ta yadda za a lura ba. Mai ciwon ƙoda ya tabbata an duba jininsa kafin aiki da bayansa.

Kuɗinmu na sitent ɗaya kawai ya isa. Mun cuce shi ke nan?

Ba ku cuce shi ba. Aikin da ya ceci ransa an riga an yi. Ku tambayi likita kai tsaye: wace jijiya ce ta rage, kashi nawa ta tsuke, kuma wane yanki take shayarwa? Tsukewa mai tsanani a farkon jijiyar gaba ba ɗaya take da ta ƙarshen wani reshe ba. Ta farkon ta cancanci a nemi taimakon dangi, ta biyun tana iya jira. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne a sayar da gona a sa sitent na biyu, sannan a rasa kuɗin maganin wata-wata. Sitent ba tare da magani ba haɗari ne.

Wane magani ne haka?

Biyu na hana jini daskarewa ne: asfirin, da ɗaya cikin kilofidogirel, tikagirelo ko firasugirel. Yawanci ana haɗa su wata 12, sannan a ci gaba da ɗaya. Wanda ya yanke su da kansa a watannin farko, jini zai iya daskarewa a cikin sitent ɗin ya rufe shi farat ɗaya, kuma wannan bugun yakan fi na farko muni. Ko cire haƙori za a yi, ba a tsayar da su sai da izinin likitan zuciya. Sai maganin kwalastarol mai ƙarfi kamar atobastatin, wanda ake so ya saukar da mugun kitsen jini, LDL, ƙasa da 1.4 a ma'aunin milimol. Shi ne ke kula da duk tarin kitsen da ba a sa wa sitent ba, don haka ba a daina shi wai don gwaji ya yi kyau. Sauran na hawan jini, suga da ƙarfafa zuciya ne, gwargwadon buƙatar mutum. Taba kuma, har da shisha, an rabu ke nan.

Baƙin bayan gida kamar kwalta, aman jini ko haɓon da ya ƙi tsayawa, a koma asibiti a ranar. Tikagirelo yakan sa wasu jin numfashi bai isa ba, a faɗa wa likita ya canja, kada a ajiye shi shiru. A guji diklofenak da ibufurofen na ciwon jiki, farasitamol ya wadatar. Ƙaho ma a dakata da shi muddin ana shan magungunan nan biyu, haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Azumi, aikin Hajji, da zaman iyali fa?

Wanda bugunsa bai wuce makonni shida ba, ko wanda ake jiran a gyara masa sauran jijiyoyi, ko mai raunin zuciya sosai, likitoci kan ce ya ajiye azumi, kuma shari'a ta ba marar lafiya wannan sauƙin. Wanda ya daidaita yana iya yi bayan an tsara masa shan magani tsakanin buɗa-baki da sahur, kuma a je wa likita da maganar tun a Sha'aban. Hajji akwai doguwar tafiya, zafi da cunkoso, gara a gama gyaran a gwada ƙarfin zuciya tukuna, a kuma riƙe magani da takardar sitent a jakar hannu, ba cikin kayan da za a auna ba.

Maganar iyali mutane na jin nauyin tambaya. Wanda zai iya hawa bene hawa biyu ba ciwon ƙirji ba haki, yawanci babu laifi bayan mako ɗaya zuwa 'yan makonni. Wanda sauran jijiyoyinsa ke jiran gyara ya fara tambayar likitansa. Amma Alhaji, idan an ba ka maganin ciwon ƙirji na dangin naitiret, irin wanda ake sawa ƙarƙashin harshe ko isosobaid, kada ka haɗa shi da maganin ƙarfin maza na sildenafil ko ɗan'uwansa. Haɗuwarsu tana faɗar da hawan jini har ta kai ga halaka, kuma hukumomin kula da magunguna sun sha gano sildenafil a ɓoye cikin kayan ƙarin kuzarin maza da ake tallarsu a matsayin na gargajiya.